Jikata ta ƙi faɗin dalili

"Because Allah ya so." Amsar da jikata Hauwa ta yi ta ba ni ke nan jiya da la'asar, har kaina ya ɗau zafi.

Jarrabawar gama sakandare ta matso, Turanci kuwa shi ke kayar da ita. Da yake tsohon malami ne ni, sai na ce ta riƙa zuwa zaure muna bita. Darasin ba wuya: because ke kawo dalili, so ke kawo abin da ya biyo baya.

Na ce ta faɗa min da Turanci, me ya sa babanta bai yi noma bana ba? Allah ya so. Me ya sa suka baro Runka suka dawo Safana? Allah ya so.

Na ce, "Ke amarya, mai duba takardarki ba liman ba ne! Kowa ya san Allah ya so. Dalili ake tambayarki, in ba ki kawo ba kin faɗi."

Ta ce, "To angona, rage murya. Inna ta ce ko a aji aka tambaye ni kada in ambaci mutanen daji, don ban san ɗan wa ke zaune kusa da ni ba."

Wallahi ban san lokacin da na leƙa ƙofar zaure ba.

Malaman Batsari da Yasore, yaya kuke yi da yaran da aka hana faɗin dalili tun daga gida? Ni kam dabarata ta ƙare.