Ranar da Kakata Ta Buɗe wa Kogi Baki

Kogin Dolnae ba wani babban kogi ba ne, da rani yaro ma tsallake shi yake yi. Can sama, gindin duwatsu, akwai Sangwol, ƙauyen manoman shinkafa. Nan ƙasa, inda yake shiga teku, akwai Hapo, ƙauyen masunta. Kakata Mal-sun a Sangwol aka haife ta, aure ya gangaro da ita Hapo, har ta tsufa kuwa ba a kiranta sai "'Yar Sangwol".

Kogin yana da hali guda. Teku kan tara yashi ya toshe masa baki, sai ruwa ya koma baya cikin gonaki. Bisa al'ada mazan Hapo ke haƙa masa hanya, can gefe jikin dutse. To amma a kan tudun yashin suke shanya ƙananan kifi, don haka ba sa gaggawa.

Wata shekara, bayan ruwa mai yawa, ƙanin kakata Chun-bae ya iso daga Sangwol da taɓo har gwiwa.

"Yaya, shinkafata ta nutse. In ta ƙara kwana, bana ba mu da abinci."

Mijinta Deok-chil, baban ɗansu Yong-su, yana jera tabarmin kifi a rana. Ya ce, "Kai manomi, ba ku ne masu son ruwa kamar kwaɗi ba? Bari kifi ya bushe. Jibi ma rana ce."

Kakata ta miƙe. Ta ɗauki 'yar fartanyarta ta nufi tsakiyar tudun. A gona, in ruwa ya yi yawa, ɗan tsagi ake yi wa kunya ya tsiyaye a hankali. Haka ta yi niyya.

Masunta suka yi ta dariya. "'Yar Sangwol, dashe za ki yi a yashi?"

Ashe yashi ba laka ba ne. Ruwa na samun tsagin ya hau cin gefe da gefe, kafin a ankara ya share rabin tudun. Tabarmin mijinta suka bi teku a jere, shi kuma yana biye yana ihu, wando a naɗe.

Kafin yamma gonakin Sangwol sun tsane. Da kaka Chun-bae ya turo shinkafa a amalanke, ita suka ci har sanyi ya wuce. Kullum aka zuba, Deok-chil sai ya leƙa kwano.

"Yau ma ba kifi?"

Ita kuwa ta ce, "Baban Yong-su, je ka tambayi teku. Shi na ba ajiya."