Ranar da Baba Ya Zuba Ruwa a Kwanon Gwaji

Jiya warin tsatsa ya doki hancina, sai na tuna marigayi Baba, wanda ya koya mini sayen dutsen jan ƙarfe a Mararaba.

Wata rana a kwanon gwaji na barbaɗa sinadarin da muke kira gishirin ƙarfe a kan niƙaƙƙen dutsen da wani mahaƙi ya kawo, don in ga ko akwai jan ƙarfe a ciki. Ban ga canji ba, na ce masa macuci. Baba ya zuba ruwa, ya ce, "Ɗana, a bushe ba sa haɗuwa. Ruwa ke kai gishirin cikin dutse ya narkar da shi."

Da la'asar ruwan ya yi kore shar, alamar akwai jan ƙarfe a dutsen. Kunya ta daskarar da ni. Baba ne ya dogara sanda har tasha, inda mutumin ke jiran mota, ya ba shi haƙuri.

Ban taɓa gode masa ba. Allah ya rufa masa asiri yadda ya rufa mini.