Iya Tabawa da Mazajenta

Duk wanda ya san Iya Tabawa a Zango, da kujerarta ya san ta. 'Yar tsugunno ce ta itace, ta sha zama har ta yi sulɓi, kuma ko ƙofar gida Iya za ta leƙa sai da ita a ka. Gidan biki, gidan rasuwa, layin riga-kafi, duk inda ta je ba ta jiran a ce mata ga wuri. Sai ta sauke, ta zauna, ta kwance bakin zane ta hau ɓarar gyaɗa. In ka yi karambanin shimfiɗa mata tabarma, sai ta ce ba ta san wanda ya zauna a kai kafin ita ba. Kun san ta, ba sai na tsawaita ba.

Ni jikanta ne, Lawal tela, kuma a wasan kaka da jika ni ne mijinta na fari. Auren dai bai yi ƙarko ba. Tun ina saurayi ta sanar a gaban mutane cewa ta fita daga gidana, wai ni miji ne mai maƙo, ko ƙyallen da ya rage a ɗinki ba na kai mata. Ƙanena Sanusi ya gaje ni. Daga baya kuma ta faɗaɗa abin: duk yaron da shaye-shaye ya kama a garin nan, wanda iyayensa suka gaji da shi, sai Iya ta ce mijinta ne. Mu muna ta dariya, ashe ita ta san abin da take yi. Matar mutum ai tana da ikon ta tambaye shi inda ya wuni, ta zage shi, ta aike shi itace, ta kuma hana kowa taɓa shi.

Sanusi ne silar komai. Yaro ne mai hankali, acaɓa yake yi tsakanin Zango da Mai'adua, ranar kasuwa tun asuba har magariba yana kan hanya. Abokan sana'a suka ba shi tiramol, wai tana kashe gajiya. Daga ƙwaya ya koma maganin tari, daga nan babur ya gagare shi, ya tare a bayan tasha tare da irinsa. Babanmu mai sayar da hatsi ne, mutum ne da ba ya son a nuna gidansa da baki. Ya yi faɗa, ya yi duka, har ya fara cewa shi ɗa namiji ɗaya ya haifa. Ni ma ina bayan Baba, kuma har gobe ina ganin yaron ya cancanci rabin dukan da ya sha.

Rannan da hantsi ina shago sai na hango kujera tana tafiya a kan mutum, ta nufi bayan tasha. Iya ta isa gindin darbejiyar da samarin ke taruwa, ta yi sallama, ta sauke kujera a tsakiyarsu. Ba ta yi wa'azi ba, ba ta ko ambaci kwalba ba. Ta dai zube gyaɗa ta ce mazan kirki ba sa zuba ido mace na aiki. To wa zai kafa kwalba a baki a gaban tsohuwar da ta yi wa uwarsa wankan jego? Suka cusa kayansu a aljihu, suka yi ta ɓara suna zumɓura baki. Washegari suka canja wuri, suka koma wani kango can bayan gari. Kafin su gama zama sai ga ta. Wani Ɗan'asabe, wanda ya fi su baki, ya kasa haƙuri.

"Iya, don girman Allah wa ke gaya miki inda muke?"

"Kai dai ɓara," in ji ta. "Sawunku na biyo. Duk garin nan naku ne kaɗai ke tafiya a karkace."

Kun kuma san ta da tattali. Iya ba ta yar da komai. Leda in ta yage ɗinke ta take yi, tsinken ashana kuwa sai wutar maƙwabta duk ta mutu sannan take ƙyasta nata. Don haka da ta ga kwalaben maganin tari zube a ƙasa, sai ta ce wannan almubazzaranci ne. Ta sa mazajen suka tsince mata su, ta wanke da toka da ruwan zafi, ta ɗura man gyaɗarta a ciki. Sannan ta ɗauki kujera ta je ta kafa kasuwa a ƙofar kemis ɗin da kowa ya san nan ake sayar musu a ɓoye. Ba zan faɗi sunan mai shi ba, ya riga ya bar garin. Duk saurayin da ya doso, sai Iya ta kira shi da sunansa da na ubansa, da muryar nan tata da ake ji har masallacin Juma'a, ta tambaye shi me ke damunsa. In ya ce tari, sai ta ajiye ludayi ta karkato kunne.

"Yi in ji."

Wani bawan Allah ya ƙaƙaro tari, ta ce ko akuyarta ta fi shi iyawa, ya je ya sha ruwan ɗumi. Ba a jima ba ƙofar kemis ta zama kamar an share. Mutumin ya kai ƙara wurin mai unguwa. Aka kira Iya, ta saurari ƙarar tun daga farko har ƙarshe tana gyaɗa kai. Da aka ba ta dama sai ta ce ita kam ba ta da abokin arziki kamarsa a garin nan, don duk kwalbar da take zuba mai daga shagonsa ta fito, in mai unguwa na so yanzu sai ta sa a kwaso su a jera a gabansa. Mai ƙara ya ce shi dama gaisuwa ya zo.

Amma na Sanusi ya riga ya yi nisa. Ya daina barci, yana magana shi kaɗai, yana cewa ana bin sa. Ranar da ya fasa randar Innarmu ya kuma zage ta, Baba ya rantse da Allah a gaban jama'a cewa ba zai ƙara yi wa yaron nan magana ba. Ya aika a kira maƙeri ya sa masa mari a ƙafa, a kai shi inda ake ɗaure irinsu. Maƙeri ya zo da ƙarafunansa, ni da wani maƙwabci muna riƙe da Sanusi a zaure, sai ga Iya. Baba ɗanta ne na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. In tana da saƙo, sai ta faɗa wa duk abin da ke kusa. Ranar tunkiyar Baba ce ɗaure a bakin zaure. Iya ta zauna, ta miƙe ƙafa a gaban maƙeri, ta dubi tunkiya.

"Ke, gaya wa mai gidan nan, ƙarfen nan ƙafa biyu yake ci. Ɗaya tawa, ɗaya ta mijina. In ya so a kai mu tare."

Maƙeri ya dubi ƙafar, ya dubi Baba, sai ya tuna ya bar wuta a maƙera. Iya ta kama hannun Sanusi ta wuce da shi gidanta, yana tafe yana kuka, tana ce masa ya rage murya kada a ce ita ta doke shi.

Ta gwada nata: rubutu, hayaƙi, kunu mai zafi, addu'a ba dare ba rana. Da ta ga yaro na rawar jiki yana amai, ba ta yi girman kai ba. Ta ce wannan ya fi ƙarfinta, ta sa na samo mana mota zuwa asibiti a Daura. Wannan fa matar da allura ba ta taɓa shiga jikinta ba, wadda ke toshe hanci in ta gifta ta ƙofar asibiti! Likitan da ke duba masu irin wannan lalura ya daɗe zaune da Sanusi. Bayan nan ya yi mana bayani cewa ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da magani, amma sai an jure zuwa, kuma sai da mutane a kusa da shi. Iya ta ce mutane kam ga ta nan. Likita ya ga tana haki, ya roƙe ta ta miƙo hannu ya gwada jininta. Jini ya hau, ya rubuta mata ƙwaya. Ta ce ita rakiya ta zo, kuma a zuri'arsu ba a shan ƙwaya, shi ya sa ma ya gan su a nan. Sai Sanusi ya ɗaga kai.

"In ba ki sha naki ba, ni ma ba na shan nawa."

Ta harare shi, ta ce wa likita ya dai gani da idonsa, irin mazan da Allah ya haɗa ta da su ke nan. Daga ranar kullum da safe su biyu suke zama da moɗa ɗaya. Ya haɗiye nasa ta ce buɗe baki, ta haɗiye nata ya ce buɗe baki. Wata rana ya kama ta da ita a ƙarƙashin harshe, ta ce ajiya ta yi don kada ta ƙare da wuri.

Sannu a hankali tsakar gidanta ya koma wurin aiki. Sanusi na juya tunkuza a turmi, Ɗan'asabe na suyar gyaɗa, wasu na murza ƙuli-ƙuli. Iyaye mata da a da suke ɓoye 'ya'yansu suka fara kawo su da kansu, su ma su zauna a yi hira, kowacce ta gane ba ita kaɗai ba ce. Liman ya riƙa leƙowa bayan la'asar. Ranar asibiti a cika mota a tafi Daura, Iya a gaba tana gyara wa direba tuƙi. Masu surutu ba su rasa ba. A wani gidan suna wata Hajiya ta ce ita ba ta cin ƙulin da mahaukata suka murza. Iya ta tuna mata cewa wanda ke bakinta a lokacin daga faifanta ya fito, ta kuma ce kada ta damu, in ta fara magana ita kaɗai ta zo, akwai sauran wuri a mota.

Kada in yi muku ƙarya, ba duka suka warke ba. Wasu sun koma, ɗaya ma mun binne shi. Sanusi kansa ya taɓa zamewa, aka tsinto shi a wannan kangon. Na ce a ƙyale shi haka nan, an yi iya yi. Iya ta ce in koma kan kekena, ba a neman shawarar tsohon miji.

Abu ɗaya ne ya gagare ta, shi ne Baba. Kullum da yamma takan tuƙa tuwo ta ba Sanusi ya kai masa zaure. Yaro ya durƙusa ya gaishe shi, Baba ya kawar da kai, ya cinye tuwon uwarsa tas, ya turo kwano. Sanusi ya murmure, ya koma sallah cikin jam'i, mutanen gari sun koma amsa gaisuwarsa, amma in ya dawo da kwanon nan sai ka ga kamar an zare masa laka. Ya taɓa gaya mini cewa duk ranar da zuciyarsa ta raya masa ya koma, daga zauren nan abin ke tasowa. Na kai wa Iya maganar. Ta ce gobe ma ya kai.

Iya ta rasu da kaka, ana tsakiyar cire gyaɗa, ba ta yi doguwar jinya ba. Samarin nan nata ne suka haƙa kabarin, suka hana kowa taɓa shebur. Ni kam ban ji tsoron komai ba kamar idon Sanusi a maƙabarta. Kowa a gidanmu abin da ke ransa ke nan, ba wanda ya iya furtawa: wadda ke riƙe da shi ta tafi. Aka share zaman makoki, ranar komawar Sanusi asibiti ta zagayo, ya ƙi fitowa daga ɗakinsa a gidan Iya. Na yi lallashi, na yi faɗa, ya juya mini baya.

Muna cikin haka na ji ƙarar babur a ƙofar gida. Baba ne da kansa, Innarmu na biye da shi da ƙaton kwanon tuwo. Ya ce in tara samarin Iya mutum goma su ci, ya tambayi malam, kaffarar rantsuwa ce. Sannan ya je ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ya yi ta gyaran murya kamar wanda ya manta yadda ake faɗin sunan.

"Sanusi. Ɗauko katinka, rana na yi."

Yaro ya fito yana kallon ƙasa. Ya hau bayan babur ya kama ƙarfen baya, ya bar fili tsakaninsu. Baba ya tayar, ya waiga.

"Matso ka riƙe ni. Hanyar ba ta da kyau."

Na tsaya ina kallonsu har suka sha kwana, ƙato da ni da gemuna ina share ido da hannun riga. Har yau Baba ne ke kai shi.

Allah ya jiƙan Iya Tabawa, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta. Yadda ta ƙi sakin 'ya'yan mutane lokacin da kowa ya sake su, ya Allah kada ka sake ta. Waɗanda ke fama ka ba su lafiya, iyayensu ka sanyaya musu zuciya. Amin.