Farin Kwanon Kawu Na-Bisa

Kawuna mai aikin rufin kwano ne. Ƙanen mahaifiyata ne, kuma tun ina ƙarama ban taɓa jin an kira shi da wani suna ba sai Na-Bisa, domin in ka zo nemansa, duk wanda ka tambaya sama zai nuna maka. Da miƙa wa maigidansa ƙusa ya fara, har ya mallaki nasa tsani da guduma da almakashin yankan kwano. Tafin hannunsa duk tabo ne. Halinsa ɗaya da ya gagari kowa shi ne tambaya. In likita ya ba shi magani, sai ya nemi jin yadda ƙwayar ta san a gwiwa ciwon yake. Inna, matarsa, takan ce da tambaya abinci ce, da tuni ƙofar ɗaki ta yi masa kaɗan.

Shekarar da ƙasarmu ta harba tauraron ɗan'adam na farko mai ɗaukar hoton ƙasa, ina aiki a ofishin taswira. Mu ke duba hotunan da yake aikowa: inda ruwa ya malale gonaki, inda daji ke cin wuta, inda shuka ta yi rawaya tun lokacinta bai yi ba, sai mu sanar da waɗanda abin ya shafa. Kawu ya ji labarin a rediyo yana kan rufin wani shago. Ko gida bai biya ba, sai ga shi a ofishinmu da tsatsa a gwiwar wando, ya zauna a kujerar baƙi ya ɗora hularsa a cinya.

Ya tambaye ni abin da ke riƙe da tauraron a sama, da irin man da yake sha, da wanda zai hau ya gyara shi in ya lalace. Wanda na sani na amsa, wanda ban sani ba na ce ban sani ba. Sannan na buɗe masa hoton garinmu a kwamfuta. Ya matso kusa ya ƙura wa hoton ido. Shi da ya yi rayuwarsa yana hango tsakar gidajen mutane, ya ɗauka ya gama ganin gari, sai ga kogi kamar zare, kasuwa kamar tabon mai a riga. Ya nemi gidansa bai samu ba. Na yi masa bayani cewa tauraron ba ya rarrabe ƙananan abubuwa, kuma rufin unguwarsu duk ya yi tsatsa, launinsa ya saje da na ƙasa.

"To in na yi masa alama fa?" ya ce. "Zai gan ni?"

Na ce mai yiwuwa ne, in alamar ta yi faɗi ta kuma yi haske.

Ashe na ɗebo wa Inna aiki. Kawu ya kankare kwanon gidansu kaf, ya shafe shi da farin fenti, har rufin kicin da na banɗaki bai bari ba. Maƙwabta suka samu abin faɗa. Telan unguwar ya ce Na-Bisa ya gaji da mutane ya koma abota da taurari. Kawu dai dariya kawai yake yi, yana zuwa ofis yana tambaya ko abin ya wuce ta kanmu. Karon farko da ya wuce, girgije ya rufe garin. Kawu ya koma gida da sabuwar tambaya: me ya sa na'urar da ta iya zuwa can ba ta iya leƙa bayan girgije?

Da sama ta washe, hoton ya zo. Can a tsakiyar unguwar ga wani ɗigo fari fat, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Kawu ya je ya jawo Inna har gaban kwamfutar. Ta gyara mayafi, ta matso da fuska.

"Yanzu wannan ɗigon ne ya ɓata maka riguna?" ta ce. Amma ta fi shi daɗewa tana kallo.

Ita ce kuma ta fara lura, da zafi ya shigo, cewa ɗakinta ya daina gasa mutum da rana. Kawu ya dawo wurina neman dalili. Na ce farin launi mayar da hasken rana yake yi, kuma hasken da ya mayar ɗin shi tauraron ya gani. Inna ta gaya wa matar tela, matar tela ta hana mijinta sakat, sai ga tela ya zo wurin Kawu da kansa yana sosa ƙeya, yana so a shafa wa nasa rufin farin fenti. Daga nan mai kanti, sai makarantar unguwa. A hotunan da suka biyo baya ɗigon ya yi 'yan'uwa, har wani abokin aikina ya fara auna bambancin zafi tsakanin layinsu da sauran layuka.

Yanzu shekaru sun sauko da Kawu daga tsani, 'ya'yansa suka karɓi aikin. Yakan zauna a ƙofar gida yana miƙar da lanƙwasassun ƙusoshi a kan dutse. Da na je gaishe su kwanan baya, na faɗa masa tauraron ya kusa gama aiki, ana shirin harba wani. Ya ajiye guduma, ya matsa mini a kan benci.

"Zauna tukuna, 'yata," ya ce. "Shi tsohon, ina za a kai shi?"