Allon da Baba Idi Ya Sha

Ranar wata Alhamis ce, cikin bazarar shekarar da na shiga izu na goma, ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Na dawo daga fadama da ɗaurin ciyawar awaki a ka, rana ta take tsaka, na shigo zauren gidanmu a Dutse, sai na tarar da kakata Iya a durƙushe tana wanke allo cikin ƙwarya. A gabanta Baba Idi mai hawan dabino ne zaune a kan buzu, ya tara hannu biyu yana jira. Ban kawo komai a raina ba, domin mahaifina malami ne, da wuya a yi kwana biyu wani bai zo karɓar rubutun sha ba. Sai da Iya ta juya allon za ta wanke bayansa na hango wani ɗan tsagi kusa da wuyansa, tsagin da na sani kamar tafin hannuna. Ciyawar ta zame daga kaina. Kafin in iya buɗe baki, Baba Idi ya yi bisimilla, ya kafa kai ya shanye, ya shafa ragowar a gwiwoyinsa. Abin da ya sha ba aya ba ce, ba addu'a ba ce. Labarin fim ɗin Canis ne, wanda na rubuta da ajami da hannuna da safiyar ranar.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane yadda aka yi labarin fim ya hau allo. A lokacin akwai gidan kallo guda ɗaya a kusa da mu, wata rumfa ce a bayan kasuwa da aka kewaye da zana, da talabijin a kan tebur da janareta mai ƙara kamar injin niƙa. Ni ɗan malami ban isa a gan ni a ciki ba. Amma zanar tana da huji, kuma ranar Laraba bayan la'asar, in an tashi daga makaranta sai Juma'a, nakan ce zan je neman ɓawon kankana saboda awaki, in je in manna ido a hujin nan har wuyana ya ƙage. Ni da yaran unguwarmu ba ma jin ko kalma ɗaya daga abin da suke faɗa. Mu muke sa musu magana a baki, mu raɗa musu suna, mu dawo kan duwatsun bayan unguwa muna gardamar wa ya fi wa, har a kai ga dambe. Wasu sun fi son mai sanda, wasu mai faɗa yana tangaɗi kamar ya bugu. Ni dai ban taɓa ganin abin da ya girgiza ni irin mutanen da ke gudu a kan ganyen bishiya ba, reshe bai ko lanƙwashe ba. Ban san akwai igiya da dabara ba. Na ɗauka can ƙasarsu haka Allah ya yi su.

Ina da yaya mace, Yaya Saude, wadda ta girme ni da shekara huɗu, ta kai munzalin da ba a aikenta kasuwa. Ita ta fi ni son labarin, amma a gidanmu ba a hirar fim, ko da raɗa, don ɗakin Malam mahaifinmu yana jikin tsakar gida kuma kunnensa kamar na zomo. Sai muka samo dabara. Ajami dai Malam ya koya mana shi tun muna ƙanana, da shi muke rubuta wasiƙun maƙwabta. Nakan ɗauki wani tsohon allo mai tsagi da ba wanda ke amfani da shi, in fere alƙalamin kara, in tsoma a kurtun tawada, in zuba mata labarin gaba da baya. Ita kuma in ta gama daka da wanke-wanke sai ta zauna a gindin turmi da allon a cinya, tana kaɗa kai kamar mai tilawa. Mahaifiyarmu in ta gifta har sa mata albarka take yi. In ta gama sai ta wanke, ta ba ni ra'ayinta a wajen ɗebo ruwa. Ba ta son masu ramuwa, takan ce, "Wanda ya kashe mutum talatin don a rama ɗaya, lissafinsa bai fita ba."

Labarin wannan makon na wani saurayi ne da malaminsa ya sa shi ɗibar ruwa zuwa kan dutse shekara da shekaru, har ƙafafunsa suka yi sauƙi, ya iya takawa a saman dogayen bishiyoyi kamar yana tafiya a tabarma. Na rubuta shi da sassafe na jingine a bayan ƙofar zaure, inda Yaya Saude za ta ɗauka. Ban san Malam ya yi wa Baba Idi rubutu ba kafin ya tafi ta'aziyya Miga. Nasa allon ya ɗora shi a can saman katanga ya rufe da ƙyalle, ya ce wa Iya allon yana zaure. Iya kuwa gajeruwa ce, idonta ya fara hazo, kuma ba ta yi karatu ba. Duk abin da ta gani da baƙaƙen Larabci, a wurinta na Allah ne. Ko guntuwar takarda ta tsinta a hanya sai ta ɗaga ta ta soke a jikin danga. Ta ga allo cike da rubutu mai kyau, ta ɗauka.

Shi kuwa Baba Idi, duk wanda ya ci dabino a unguwarmu ya san hannunsa. Shi ke hawa ya yi wa furen dabino barbara, shi ke hawa ya yanko nonon dabinon in ya nuna, da igiya a ƙugu da wuƙa a ɗamara. Wata biyu kafin wannan rana igiya ta zame masa ya sulluɓo daga tsakiyar wata bishiya, Allah ya kiyaye bai karye ba. Jiki ya warke, amma zuciya ba ta warke ba. Da ya rungumi bishiya sai gwiwoyinsa su kama rawa. Ga dabino ya nuna tsuntsaye suna ci, ga iyali, masu gonaki sun fara neman wani. Shi ya sa ya zo wurin Malam. Da ya ajiye ƙwaryar nan ya yi hamdala, sai ya dubi Iya fuskarsa a sake, ya ce har ya ji abin yana sauka ƙafafunsa, gobe in Allah ya kai mu da doguwar bishiyar bakin rafi zai fara. Na san bishiyar. In ka tsaya a gindinta ka ɗaga kai, hularka sai ta faɗi.

Ban iya cin tuwo ba a ranar. Malam ya dawo bayan magariba a gajiye, na kai masa buta, ban faɗa masa abin da ya faru ba. Tsoron bulala yana gefe guda, amma abin da ya fi shi shi ne kunya: a ce ɗan malami ya ɗora wasan banza a kan allo, har an shayar da dattijo. Ina ta raya wa kaina cewa wataƙila Baba Idi zai fasa, wataƙila hadari zai taso. Da asuba, ina alwala a bakin rijiya, Yaya Saude ta zo ta tsaya a kaina, idonta ja. Magana ɗaya ta yi: "Habu, bulala ta fi makara sauƙi." Da aka sallame salla na jira mutane suka watse, gari ya fara haske, na durƙusa a gaban Malam na faɗa masa komai, ban rage ko hujin zana ba.

Ya shiga zaure ya miƙa hannu saman katanga, ya sauko da allonsa, rubutunsa na nan ko ɗigo bai goge ba. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba kafin ranar, ban kuma sake gani ba har ya koma ga Mahaliccinsa: Malam ya tattare babbar riga ya ruga a guje. Mutumin da ko ruwan sama ba ya sa shi sauri! Na bi shi, muka ratsa ta tsakanin duwatsu, muka gangara fadama, takalminsa ɗaya ya cire bai waiwaya ba. Da muka isa, igiyar saukar da kaya tana reto, nonon dabino biyu suna ƙasa. Na ɗaga kai. Baba Idi yana can ƙololuwa cikin ƙaya, ya zama ɗan mitsitsi kamar hankaka, iska tana kaɗa shi da bishiyar gaba ɗaya, har waƙa yake yi. Na buɗe baki zan ƙwala masa kira, Malam ya damƙe kafaɗata har na ji a ƙashi, ya ce a hankali, "Kada ka kuskura." A nan muka tsaya. Leɓunansa suna motsi, ni kuma ina karanta duk surar da ta zo bakina, ina haɗa farkon wata da ƙarshen wata. A ranar na san bambancin mutum a saman bishiya ta hujin zana da mutum a saman bishiya wanda ka san sunan 'ya'yansa.

Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa, ya juyo ya gan mu, ya washe baki yana cewa rubutun Malam ba irinsa, ƙafa ta koma ta ɗan shekara ashirin, yau duk Dutse sai ta ji. Da Malam ya yi shiru, da ba wanda zai sani, da kuma zaurenmu ya cika da mutane. Amma ya ce, "Malam Idi, ba nawa ka sha ba." Ya tura ni gaba na maimaita da bakina. Ina magana ina ganin murmushin yana janyewa daga fuskar dattijon. Ya dubi bishiyar tun daga gindi har sama, sai gwiwoyin nan suka kama rawa, ya zauna daɓas a ƙasa yana salati. Can ya ɗago ya dube ni ya ce, "Shi wannan ɗan Canis ɗin da na sha, ya faɗo?" Na ce bai faɗo ba, Baba. Ya ce, "To alhamdu lillahi da ba wanda ya faɗo ka rubuta ba." Malam bai yi dariya ba. Ya tsuguna kusa da shi ya ce, "Ko nawa ka sha, ba tawada ce za ta riƙe ka ba. Wanda ya riƙe ka yau yana nan gobe. Amma wannan igiyar taka ta tsufa, a sake ta."

Ranar Asabar Baba Idi ya sha rubutunsa na gaskiya, ya ɗaura sabuwar igiya, ya tsaya a gindin bishiya ya daɗe, sannan ya hau. Ya ci gaba da hawa har tsufa ya sauko da shi. Duk shekara yakan aiko mini da dabino a ƙwarya ya ce a ba malaminsa, Iya kuma har ta rasu "Malamin Canis" take kirana. Bulalar da na ji tsoro ba ta zo ba. Abin da ya zo ya fi ta zafi. Malam ya zaunar da ni da Yaya Saude ya ce, "Wanda bai iya karatu ba, in ya ga baƙaƙen nan, amana yake gani." Ya hana ni hanyar kasuwa har damina ta fita. Bayan nan ya sayo mini littafin rubutu mai layi, ya ce tatsuniya a takarda, allo kuma a bar shi da abin da aka yi shi dominsa.

Yau 'ya'yana ba sa neman hujin zana. Fim yana cikin waya, an fassara shi da Hausa, suna kallo suna cin gyaɗa. Kwanakin baya na zauna tare da su don in ga abin da ke shiga idonsu, na tashi da mamaki. Na ga wani ya ɗaga gadar mota da hannu ɗaya, biyu sun yi faɗa a sararin sama sun rushe gari guda, ba a nuna ko jana'iza ɗaya ba, ba wanda ya tambayi masu gidajen inda za su kwana. Na ga macizai masu fukafukai suna feso wuta. Jaruman yanzu ba su da malami, ba sa ɗibar ruwa, a dare ɗaya ƙarfin ke sauko musu, wannan kam bai kwanta mini ba. Fim na zane guda ɗaya ne, na wata 'yar tunkiya da ta ɓace wa uwarta, ya sa na faki ido na share ƙwalla. Amma abin da ya fi ba ni tsoro ba fim ɗin ba ne. Ƙaramar 'yata Hafsa ce, da garin nan ya gama rushewa, ta yi hamma ta ce, "Abba, wannan bai kai na jiya ba."

Na dube ta na tuna da safiyar da mutum ɗaya tak yake saman bishiya ɗaya, ni da mahaifina muna ƙasa mun kasa numfashi. Doguwar bishiyar tana nan a bakin rafi, gidaje sun kusa cim mata. Watan jiya na kai yaran gindinta na ce su ɗaga kai. Hular ɗana ta faɗi, suka yi shiru, na ji daɗin shirun nan. Allah ya ji ƙan Malam da Iya da Baba Idi, ya bar mana zuciyar da ke tsorata in ɗan'adam yana sama.