Na Adana Rubutun Baƙi, Na Bar Na Mahaifina Ya Zama Toka

A shekarun da zan ba ku labari, ni injiniya ne a wani kamfanin iskar gas a Doha. Ina da albashi mai kyau da ɗaki mai sanyi, amma ba ni da abokin cin abinci. Matata tana gida Najeriya tana koyarwa, ba ta so ta bar aikinta ba, ni ma ban ga laifinta ba. Da safe motar kamfani ta ɗauke ni daga unguwarmu ta Mansura zuwa ofis a West Bay, da yamma ta dawo da ni, in sayi shinkafa da kaza a shagon da ke ƙasan benenmu, in hau in ci ina kallon bango. Akwai 'yan uwa Hausawa a garin, direbobi da masu gadi da likitoci, mukan gaisa a masallacin Juma'a, sai dai kowa sauri yake yi, ni kuma dama can ba mai shiga mutane ba ne. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai da gaske, ba zan ɓoye ba. Ina roƙon Edita ya sakaya sunana, don abin da zan faɗa har yau yana min ciwo.

Wata Asabar ina yawo a intanet don kashe lokaci, sai na faɗa wani shafi da ake gwanjon tsofaffin kaya. A nan na ga hoton wata takarda da aka rubuta da hannu da Faransanci, an ce ta wata kotu ce a ƙauyen Faransa, ta haura shekara ɗari biyu. Ko kalma ɗaya ta Faransanci ban sani ba, amma da na ga yadda tawadar ta koma ruwan ƙasa, da tambarin hukuma a samanta, da yadda magatakardan ya murɗa sa hannunsa a ƙarshe, sai na kasa ɗauke idona daga kanta. Mahaifina tsohon magatakardan kotun alƙali ne a garinmu, da ajami yake rubutu, kuma na tashi ina ganinsa a zaure yana fiƙe alƙalami. Na saya. Da ta iso na buɗe ambulan, na shinshina ta, na shafa ta, ta fi takardar yanzu kauri da laushi, don da tsumma aka yi ta. Ran nan na ji kamar na yi baƙo a ɗakina.

Daga nan abu ya zama jaraba. Na sayi ta biyu, na sayi ta uku, har na daina lissafi. Wani abokin aikina ɗan Tunisiya yakan karanta min abin da ya iya ganewa lokacin cin abincin rana, yana dariya yana cewa ni ne mutum na farko da ya gani yana sayen rigimar matattu. Kuma gaskiyarsa ce, rigingimu ne zalla: wannan ya ce maƙwabcinsa ya ci masa iyakar gona, wancan sun yi faɗa da ƙaninsa a kan gadon saniya, wata bazawara tana neman a bar mata ɗakin mijinta. Na san su duka, har nakan ɗauki ɓangare. Na koyi yadda ake kula da su kamar mai renon jariri. Na sayi ledoji na musamman da ba sa cin takarda, na sayi na'urar tsotse danshi saboda gumin Doha, ba na taɓa su sai na wanke hannu na shanya. Ko hutu zan tafi gida ba na kashe na'urar sanyaya ɗaki, don kada su yi fumfuna.

Wata rana muna magana da Baba ta bidiyo, sai na ɗago masa ɗaya don ya gani. Ya kawo wayar kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo, ya ce mai wannan rubutu ya gaji kafin ya kai ƙarshen shafi, Allah sarki, aikin ɗaya ne ko'ina. Sannan ya tambaye ni ina jikokin mutumin suke, har rubutun kakansu ya fito kasuwa. Na yi dariya na ce Turawa ne, ba su damu ba. Shi bai yi dariya ba. Ya ce shi ma yana da tarkacensa a cikin gafaka da tsohuwar adaka, akwai wasu waƙoƙin wa'azi da ya kwafa, akwai addu'o'i, akwai sunayen kakanninmu da garuruwan da suka fito, in na zo hutu mu zauna ya nuna min. Na ce in sha Allahu. Na je hutun kuwa, ba sau ɗaya ba, amma kullum ina kan hanya, yau gaishe-gaishe, gobe duba gini, jibi Kano. In ya ce zauna mana, sai in ce Baba bari in je in dawo.

Baba ya rasu ina wurin aiki. A lokacin sai kafil, wato wanda ya ɗauke ka aiki, ya ba ka izini kafin ka fita ƙasar, kafin takardar izinin ta fito an riga an kai shi makwancinsa. Na isa na tarar da zaman makoki, na zauna a zaure ina karɓar gaisuwa, amma na kasa shiga ɗakinsa, ko ƙofar ba na iya kallo. Na koma Doha, kuma maimakon in nemi mutane, sai na ƙara dulmiya cikin takardun nan, su ne hirata, su ne ta'aziyyata.

Bayan sadakar arba'in, wata Juma'a da la'asar, Yayana ya kira ni. A daidai lokacin ina zaune gaban kwamfuta, ana gab da rufe gwanjon wata takarda da na daɗe ina hari, muna ta kokawa da wani mai saye da ban san ko waye ba. Yaya ya ce damina ta kama, rufin ɗakin Baba yana yoyo, sun fitar da kaya. Littattafan da aka buga sun kai masallaci, amma akwai warwatsattsun takardu na hannunsa da yawa, wasu sun jiƙe, yara sun fara ɗauka suna wasa da su, ga shi kowacce da bisimilla a kanta. Ya ce malamai sun ba da shawara a ƙona su a binne tokar, kamar yadda ake yi wa duk takardar da ke ɗauke da sunan Allah don kada a taka ta, amma ya ce bari ya ji ta bakina tukuna, tunda ni ne mai son irin waɗannan abubuwa. Wallahi na ji shi, ba zan ce ban ji ba. Idona yana kan allon, na ce Yaya duk yadda kuka gani daidai ne, zan kira ka anjima. Na ajiye wayar, na ƙara tayi, na ci gwanjon, har na tashi na yi tsalle ni kaɗai a ɗaki. Ban kira shi ba.

Sai da takardar ta iso bayan 'yan makonni, na wanke hannu, na zaro ta a hankali, na kai idona ƙarshen shafi inda hannun marubucin ya fara karkacewa, sannan maganar Baba ta dawo min. Na kira Yaya, na tambaye shi ina takardun nan. Ya ce ai an gama tun ranar, tokar tana binne a gindin darbejiyar bayan gida, ba shi ya tambaye ni ba? Na ce ko guda ɗaya ba ta rage ba? Ya ce khalas, wato an gama, kamar yadda kuke faɗa a can. Ba da baƙar magana ya faɗa ba, kuma bai yi laifin komai ba, girmama sunan Allah ya yi. Ni ne aka tambaya.

Na birkice ɗakin nan ina neman ko da layi ɗaya na hannun Baba. Na tuna duk lokacin da wani zai taho Doha yakan aiko min da yaji da kuka a ƙulle cikin leda, ya manna 'yar takarda ya rubuta sunana da ajami. Kowacce sai da na yage ta na jefa a kwandon shara kafin in zuba yajin a kwalba. Na zauna a ƙasa a tsakiyar takardun Faransawa, kowacce cikin rigarta, babu ƙura babu danshi, na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwarsa.

Yanzu na dawo gida. Takardun suna nan a akwati, ban sayar ba, ban kuma sake buɗewa ba. Ban ce tara kayan tarihi laifi ba ne, amma na gane cewa kewar mahaifina ce ta sa na fara, kuma ina da shi a raye, waya ɗaya ce tsakaninmu, na tafi neman kamanninsa a wurin baƙi. Ku da kuke zaman ƙasar waje, in kaɗaici ya kama ku, ku kula da abin da kuke cike gurbin da shi. In dattijo ya ce zauna in nuna maka, ka ajiye makullin mota ka zauna, in kuma an kira ka daga gida, ka juya wa allo baya ka saurara. Kwanan baya 'yata ta dawo daga Islamiyya ta ce an faɗa mata kakanta ya fi kowa iya rubutu a garin nan, in nuna mata. Na riƙe hannunta muka zagaya bayan gida, na tsaya da ita a gindin darbejiya, na nuna mata inda aka binne tokar.