Kuɗin Idon Baba

Mahaifinmu ya yi aikin jirgin ƙasa a Kafanchan har ƙarfinsa ya ƙare. Shi ne yake juya wa jirgi layi a mahaɗa, ya tura na Jos hanyarsa, na Kudu hanyarsa, kuma bai taɓa yarda akwai aikin da ya fi nasa wuya a duniya ba. Bayan ya yi ritaya, yanar ido ta fara rufe masa gani, har ya zama iyakar abin da yake iya faɗa shi ne ko akwai rana ko babu. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu. Ni ina aure a Kaduna, yayyena maza suna can inda aiki ya jefa su. Babbar yayarmu ce ta dawo gida da 'ya'yanta uku bayan mutuwar mijinta, ita ce ta riƙe Baba.

Riƙo kuwa na gaske ta yi masa. Ita ke kai masa ruwan wanka, ta yanke masa farce, ta dama masa kunun acca da kauri yadda yake so, ta ja shi sujada ranar Lahadi. Ƙarshen wata ta goge masa kwat ɗinsa, ta kama hannunsa har ofis, ya dangwala yatsa, ta karɓi fansho. Mu kuma mu zo da Kirsimeti da burodi da gwangwanin madara, mu cika ta da shawarar yadda ake kula da tsoho, mu hau jirgi mu koma abinmu.

Da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, Baba ya kafe ya ce shi bai san zancen ba. Ya ce ta yaya fam ɗaya zai haifi naira biyu alhali ba wanda ya ga cikinsa. Fam ya sani, yatsunsa sun san faɗinsa da tsawonsa, wannan sabuwar takardar kuwa ko ta alewa aka miƙa masa ba zai bambance ba. Saboda haka ya umarci Yaya duk wata ta cire na abinci, sauran ta canzo masa zuwa fam kafin ta sa masa a hannu. A farkon canjin hakan yana yiwuwa, don kuɗin biyu suna yawo tare. Mun yi dariyar rigimar tsoho, muka manta da ita.

Abin da yake tara wa kuɗin kowa ya sani. Wani abokin aikinsa ya je asibitin ido na mishan a Kano, aka cire masa yana, ya dawo yana karanta Littafi Mai Tsarki da kansa. Tun daga nan Baba ba shi da wata magana sai Kano. Da kuɗinsa kuma yake so ya je, don a cewarsa ba zai sayi ido da roƙo ba. Duk sanda ya tambayi Yaya ko sun isa, sai ta ce saura kaɗan.

Wajen shekara uku bayan canjin na zo gida da damina. Wata Alhamis da rana, Yaya ta tafi kasuwar aladu, Baba ya kira ni ɗakinsa, ya ɗaga katifa ya ciro wani gwangwanin biskit.

"Auta, yayarki bai iya lissafi ba," in ji shi. "Na ƙirga da hannuna, ya isa. Je ki tasha ki yanka mana tikiti, ke za ki kai ni."

Na buɗe gwangwanin na ga fam a jere, an ɗaure da zare. Na daɗe ina kallo. Na san an daina karɓar fam, amma ganin yadda aka shirya su da kyau sai na fara zargin kaina. Na ce wataƙila a Kaduna ne kawai aka daina, ko kuma ana yi wa tsofaffin ma'aikata alfarma. Da wannan wautar na tafi har tagar tikiti, na miƙa. Mai tikitin ya duba takardar, ya dube ni, ya tambaya ko lafiyata ƙalau.

A hanyar dawowa na tsaya wurin wani ɗan tireda, Bahaushe, wanda iyayensa suka yi maƙwabtaka da mu tun kafin a haife ni. Na nuna masa ɗaya, na tambaye shi ko akwai inda ake canzawa har yanzu. Ya ce an rufe wannan ƙofar tuntuni. Ya ce mutanen kan dutse da suka binne nasu a tukunya har lokaci ya wuce su ne suke zuwa da su ranar kasuwa, yayata kuma takan karɓa ta ba su ɗan gishiri ko sabulu. Shi ya ɗauka yara take kai wa su yi wasa.

Na sami Yaya a bayan gida tana zuba wa aladu dusa. A ranar na lura cewa garken an rufa shi da sabon kwano, ɗakin Baba kuwa akwai kwanon sha da aka ajiye a kusurwa don tarar ɗigon ruwa.

"Yaya, ina fanshon Baba?"

Ba ta juyo ba. "Shi ya ce in kawo masa fam. Na kawo masa fam."

"Fam ya mutu, kin sani."

"To ki shiga ki gaya masa."

"Aladun nan na wane ne?"

"Na gida." Ta ajiye bokitin. "Naman da yana ci, daga ina? Sukul fis na yara, daga ina? Kina tsammani burodi naku na Kirsimeti yana kai mu Ista? Ke kin taɓa ɗauke fo nasa ko sau ɗaya?"

Ban taɓa ba. Na ce mata ko ma mene ne, da ta bar masa na ido. Nan ta goge hannu a zani, ta ce a hankali, "In an buɗe masa ido, zai gani."

Wannan maganar ta fi komai ruɗa ni. Na yi ta juya ta kwana da kwanaki. Matar da take tsince masa ƙayar kifi da yatsunta ita ce take so ya zauna a duhu. Na tsane ta da safe, da yamma na gan ta durƙushe tana wanke masa ƙafa, na rasa inda zan ajiye tsanar. Ban gaya wa yayyena maza ba, don na san za su zo su yi ihu su kore ta, su koma bakin aikinsu, a bar Baba da kwanon ɗigo.

Mijina kawai na gaya wa. Muka sayar da keken ɗinkina, ya cika da nasa. Na ce wa Baba surukinsa ya riga ya biya komai, ba kyau a mayar masa da hannu. Ya yi ta mita, daga baya ya yarda, da sharaɗin in mun dawo zai buɗe gwangwaninsa ya biya shi. Ranar tafiya Yaya ta soya mana kaza, ta raka mu tasha, ita ce ma ta ɗora shi a jirgi. Na yi zaton kafin mu dawo za ta sayar da alade ko biyu ta zuba naira a gwangwanin, ko ta jefar da shi ta ce ɓarayi sun shiga. Ba ta taɓa shi ba, kuma har yau ban san dalili ba.

A asibitin, ido ɗaya aka samu ya buɗe. Muka dawo yana sanye da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, yana karanta sunan kowace tasha da ƙarfi don duk jirgin su ji. A gida ya tsaya ya kalli Yaya ya ce, "Kin tsufa." Ya zaga ya ga aladu, ya shiga ɗakinsa ya ɗaga kai ya ga rufi. Sannan ya ciro gwangwanin ya fito da shi tsakar gida inda haske yake, mu biyu muna tsaye. A hanya ya ga abin da mutane suke miƙa wa masu ayaba da masu shayi, bai ga fam ko ɗaya ba. Ya kwance zaren, ya juya takardun ɗaya bayan ɗaya, ya mayar ya rufe.

"Auta, ki ce wa mijinki ya yi haƙuri da ni," in ji shi.

Na jira faɗa, na jira a kira fasto ko dattawan gida, ba a yi ko ɗaya ba. Ya ci gaba da shan kununta, ita kuma ta ci gaba da kai masa ruwan wanka har ƙarshen ransa. In an tambaye ni yau ko yayata ta cuci mahaifinmu, nakan ce ta cuce shi. In an tambaye ni wa ya riƙe shi, nakan ce ita, kuma ban taɓa iya haɗa amsoshin biyu wuri ɗaya ba.

Ina nan ƙarshen watan ya zo. Yaya ta goge masa kwat kamar kullum, ta ɗaura ɗankwalinta, ta tsaya a bakin ƙofa ta miƙo hannu don ta kama nasa. Baba ya dubi hannun ta cikin tabarau ɗinsa, ya sa nasa a aljihu, ya wuce ta gefenta. Ta bi shi da ido har ya tsallaka layin dogo, hannun nata yana nan a miƙe.